Tsohon Agogon da Ya Lalace: A Gyara, a Ajiye, ko a Haƙura?

A gidaje da yawa na Kano, Katsina, Zariya, Maraɗi da Damagaram akwai wani agogon hannu da ke kwance a ƙasan akwati, tare da tsohon fasfo da carbi da takardun fili. Gilashinsa ya tsage ko ya dushe, sarƙarsa ta ɓalle, hannayensa sun tsaya cik. Yawancin irin waɗannan tsarabar aikin hajji ce ta shekarun 1970 da 1980, lokacin da alhazai suka riƙa dawowa da Seiko da Rado da Citizen da Orient daga kantunan Jidda da Makka da Madina. Wasu kuma kyautar kamfani ce ga ma'aikacin da ya daɗe yana aiki, ko sayayyar ɗalibin da ya je karatu Ingila. Wata rana wani cikin 'ya'ya ko jikoki zai ɗauko shi, ya jujjuya, ya tambayi kansa: wannan zai gyaru kuwa? In ma zai gyaru, ya kai a kashe masa kuɗi?

Tambayar farko ba ta da wuya. Kusan duk agogo mai inji yana gyaruwa muddin akwai kuɗi da gwani da haƙuri, domin ko ƙarfen da ya ɓace daga kasuwa akwai masu iya sassaƙa shi. Ta biyun ce ke raba kan mutane, kuma galibi da ido ake yanke ta: wanda ya yi muni a jefar, wanda ke ƙyalli a kashe masa kuɗi. Ido kuwa yana ruɗi a wannan fage. Agogon da gilashinsa ya ragargaje yana iya zama lafiya lau a ciki, wani kuma fes a waje alhali tsatsa ta gama da cikinsa. Abin da ke yanke hukunci shi ne dalilin da ya sa kake son sa, da sanin ko wane ne shi a zahiri, da inda ɓarnar ta tsaya, da samuwar kayan gyara, sai kuma hannun da zai taɓa shi.

Me kake so ka ceto?

Tsohon agogo yana da daraja iri uku, kuma ba kasafai suke haɗuwa a agogo ɗaya ba.

Ta farko ta kasuwa ce, lissafinta kuma a fili yake. Ka nemi farashin irinsa mai lafiya, ka cire kuɗin gyara. In saura ya koma ƙasa da sifiri, ka san asara za ka yi. Seiko 5, wanda ya fito a 1963, an ƙera shi miliyoyi, shi ya sa cikakken gyaran wanda ya sha ruwa kan fi kuɗin sayen wani mai tafiya. Rolex da Patek Philippe da wasu samfuran Omega da Longines kuwa ko a mace suna da masu saye, kuma gyaransu mai tsada yakan fita a cikin farashinsu.

Ta biyu ta amfani ce, a nan kuma gara mutum ya faɗa wa kansa gaskiya. Tsohon agogo mai wani da ke gudu ko latti da sakan 20 ko 30 a rana lafiyarsa ƙalau. Casio F-91W na roba, wanda ake sayarwa tun 1989, ba ya kaucewa fiye da sakan 30 a wata guda, wayar da ke aljihunka ma ta fi shi daidai. Wanda ke neman sanin lokacin salla da na ofis kawai, kada ya wahalar da kansa.

Ta uku ita ce wadda ba ta da farashi: agogon Baba ne, ko na Kaka. Mafi yawan masu wannan tambaya a ƙasarmu nan suke, kuma ba laifi ba ne mutum ya kashe wa abin tunawa da mahaifinsa fiye da kuɗinsa na kasuwa. Sai dai wannan dalilin yana zuwa da sharaɗinsa. In don Baba kake gyarawa, to abin da idonsa ya riƙa kallo da abin da ya taɓa fatarsa su ne agogon. Aka sauya fuska, aka sauya hannaye, aka sauya jiki da sarƙa, za ka karɓo agogo mai kyau, amma ba nasa ba ne.

Akwai kuma maganar gado. Agogon mamaci yana cikin dukiyar magada, ko da wanda ya ɗauka yana ganin ba a bakin komai yake ba. Kafin a kashe masa kuɗi, ko a sayar, ko a yi musaya da kayan cikinsa, ya kamata a kimanta shi, magada su sani, su yarda. In na zinare ne zalla, haramcin sa zinare ga namiji sananne ne, don haka tun farko a san wa zai ɗaura shi bayan gyara.

A fara sanin ko wane ne

Kafin a yi zancen kuɗi, a juya agogon a karanta bayansa. Tsohon Seiko yana faɗin tarihinsa ga wanda ya iya karatun. A murfin baya akwai lambobi biyu da karan ɗori a tsakaninsu, huɗun farko su ne lambar injin, kamar 6309 ko 7009 ko 7S26. Akwai kuma wata lamba, galibi mai harafi shida: na farko shi ne ƙarshen shekarar da aka ƙera shi, na biyu shi ne wata, inda N ke nufin Nuwamba, D kuma Disamba. Agogo mai injin 6309, wanda aka yi daga 1976 zuwa ƙarshen shekarun 1980, in lambarsa ta fara da 23, haihuwar watan Maris na 1982 ne. Wanda ranakun makonsa ke fitowa da Larabci da Turanci an yi shi ne don kasuwar ƙasashen Larabawa, abin da kan gaskata labarin gida cewa daga hajji ya zo. Tsohon Rolex kuma sai an cire sarƙa ake ganin lambobinsa, a tsakanin ƙahonnin da ke riƙe ta: lambar samfuri ta wajen ƙarfe 12, lambar ƙira ta wajen ƙarfe 6. Na Omega a jikin injin take, sai an buɗe.

Ƙarfen ma yana da shaidarsa. Hatimin 750 na nufin zinare karat 18, 585 karat 14, 375 karat 9. Rubutun Stainless Steel Back kuwa tona asiri ne: murfin baya kaɗai ne ƙarfen da ba ya tsatsa, sauran jikin galibi tagulla ce da aka shafa wa ruwan zinare ko farin ruwa. Agogon zinare na gaske yana da farashin da ba ya sauka ƙasa da shi, wato nauyin zinarensa, shi ya sa maƙera suka narkar da da yawa suka zubar da injunan. Kada a kai shi sikeli kafin a san sunansa, don wani ya ninka nauyinsa daraja.

Sai babbar matsala, jabu. Rado da Rolex da Omega na jabu sun daɗe da cika kasuwanni, har a ƙasa mai tsarki, kuma alhazai da dama sun saya da zuciya ɗaya. Akwai kuma na haɗe-haɗe, irin waɗanda ake fitarwa da yawa daga Indiya: tsohon inji, jikin wani agogon dabam, da sabuwar fuska mai launi da aka buga wa suna. Ba talaka kaɗai ake yi wa wannan ba. A Nuwamban 2021, a gwanjon kamfanin Phillips a Janiba, an sayar da wani Omega Speedmaster da aka ce na 1957 ne a kan fiye da faran miliyan 3 na Suwizalan, mai sayen kuma kamfanin Omega ne da kansa, don gidan tarihinsa. A 2023 kamfanin ya fito ya ce ashe agogon haɗe-haɗe ne na sassan agoguna dabam-dabam, ya kuma zargi wasu tsofaffin ma'aikatansa uku da hannu a ciki. In masu ƙera shi sun ruɗu, kai da ni sai mu nemi wanda zai buɗe ya duba.

Ɓarnar da ke tsorata ido, da wadda ke kashewa

Injin agogo ba shi da wani sihiri. Akwai babban sifirin naɗe cikin ɗan gwangwani, shi ne ma'ajin ƙarfi. Wanin da ake yi da yatsa, ko lilon wani ƙarfe mai siffar rabin wata a cikin na otomatik, shi ke ɗaure shi. Ƙarfin yana bi ta jerin ƙananan giyoyi masu haƙora har ya isa wani ɗan zobe da ke kai da komowa a kan wani siririn sifirin. Wannan zoben ne ke yanka lokaci: a Seiko 5 yana bugawa sau 6 a sakan, sau 21,600 a awa, sau 518,400 a kwana ɗaya. Tsinin ƙafarsa bai wuce kaurin gashin kai ba, kuma shi da ƙafafun giyoyin suna juyawa ne cikin ramukan yaƙutu na haɗi, waɗanda ake nufi da rubutun 17 Jewels ko 21 Jewels a fuska. Duwatsun ba su da kuɗi a kasuwa. Rage gogayya ne aikinsu.

Wanda ya fahimci wannan zai ga cewa yawancin abin da ke tayar da hankali ƙaramin abu ne. Gilashin tsofaffin agoguna galibi na roba ne, ana goge shi ya washe, in ya tsage a sa wani. Sarƙa ko fata da ta tsinke, maɓallin wani da ya ɓace, babban sifirin da ya karye, duk kayan sauyawa ne tun asali. Agogon da ya tsaya don ya daɗe a ajiye, sau da yawa mai ne ya bushe ya daskare, sabis kawai yake so. Wanda ya soma gudu ba gaira ba dalili, yana ƙara mintoci a rana, wataƙila maganaɗisun lasifika ko na waya ne ya kama siririn sifirin, kuma cire shi aikin 'yan daƙiƙu ne ga mai na'urar. Ko ƙafar zoben da ta karye saboda faɗuwa, cutar da ta addabi agoguna kafin kariyar Incabloc ta shekarun 1930 ta yaɗu, aiki ne da gwanaye suka saba da shi.

Mai kashe agogo ita ce tsatsa. Ruwa yana shiga ne ta maɓallin wani da ta murfin baya, inda zoben roba ya tsufa ya bushe. A wurinmu ƙofofin shigarsa suna da yawa: alwala sau biyar a rana, ruwan damina, gumin bazara, ga ƙurar hunturu da ke bin kowace kafa ta gauraya da mai ta riƙa cin ƙarfe. Alamun suna bayyana tun kafin a buɗe: hazo a ƙarƙashin gilashi, jan tabo a gefen fuska ta wajen maɓalli, ko maɓallin da ya ƙi juyawa. In ka ga haka kada ka tilasta shi, kada ka girgiza shi don ka ji ko zai tashi, kada kuma ka shanya shi a rana. Kowane juyi a kan tsatsa ƙarin rauni ne.

In an buɗe, abin dubawa shi ne zurfinta. Faifan da injin ke zaune a kai galibi tagulla ne, ba ya tsatsa. Masu tsatsa su ne sandar wani, sukurori, ƙafafun giyoyi da ƙananan haƙoransu na baƙin ƙarfe. Tsatsar da ta tsaya a sama, ja-ja kamar hoda, tana fita. Wadda ta yi rami a haƙori ko a ƙafa ba ta da magani sai sauyi, don ƙarfen da ta ci ba ya dawowa. In ta tsaya a kewayen sandar wani, agogon na da rai. In ta kai ga zoben lilo da jerin giyoyi, to maganar ta koma ta neman wani injin. Ruwan teku ya fi kowanne sauri, kwanaki kaɗan sun ishe shi.

Agogo mai batir yana da tasa cutar. Batirin da aka bari ciki shekara da shekaru yakan fashe, ruwansa ya bar farin gari ko kore, ya cinye allon lantarki da naɗin waya. In injin na gama-gari ne, irin na Miyota na rukunin Citizen, ana cire shi ɗungurungum a sa sabo da kuɗi kaɗan. In kuwa na farkon zamanin batir ne, na shekarun 1970, wanda aka daina yin allonsa, to ya fi mai wani wuyar tashi, domin haƙorin giya ana sassaƙa shi, allon lantarki ba a sassaƙa shi.

Jikin agogon ma ana duba shi. Tagulla mai shafe, in gumi ya huda ta ya yi mata ramuka, sabon shafe ba ya rufe su. Rado DiaStar, wanda ya fito a 1962 ya kuma zama abin ado na manyan alhazai, an yi jikinsa da wani haɗin ƙarfe mai tsananin tauri wanda ba ya karcewa, shi ya sa na shekara 40 ke ƙyalli kamar na jiya. Amma taurin nan ne rauninsa: in ya faɗi a kan siminti yana iya ɓantarewa ko tsagewa, kuma ba ya karɓar walda. Rado mai mataccen inji da lafiyayyen jiki ya fi mai tsagaggen jiki da inji mai tafiya sauƙin ceto.

Akwai kayan, ko babu?

Mai gyara zai iya cewa "zai yi", amma kasuwar kayan gyara ce ke da magana ta ƙarshe, kuma tarihi ne ya tsara ta. Ranar 25 ga Disamba 1969 kamfanin Seiko ya fitar da Astron, agogon hannu na farko mai aiki da batir da dutsen kwatz da aka sa a kasuwa, a kan yen 450,000, kuɗin ƙaramar mota a lokacin. Cikin shekara goma irinsa ya yi araha ya cika duniya. Masana'antar agogo ta Suwizalan, wadda ke da ma'aikata kusan 90,000 a 1970, ta koma wajen 30,000 a tsakiyar shekarun 1980, kamfanoni ɗaruruwa suka rufe. Sunaye da yawa da ke kan tsofaffin agoguna ba su da kowa a bayansu yau, wasu kuma an sayar da sunan ga waɗanda ba su da ko sukuru ɗaya na tsohon kaya.

Abin da ya ceci da yawansu shi ne ba su ke ƙera injunansu ba. Kamfanoni irin su ETA da A. Schild ne ke yi wa ɗaruruwan sunaye inji iri ɗaya, har da Rado. Saboda haka lambar injin ta fi sunan da ke fuska muhimmanci: agogon da ba wanda ya taɓa jin sunansa yana iya ɗauke da injin da kayansa ke ko'ina. Waɗanda suka tsira kuma sun ƙuntata hanya. Rukunin Swatch, mai Omega da Rado da Longines da Tissot da ETA, ya daina sayar wa dillalai masu zaman kansu kayan gyara daga farkon 2016, Rolex ma ba ya ba da nasa sai ga waɗanda ya amince da su. Ma'ana, mai irin wannan agogo a Kano ko Yamai ko dai ya nemi tsohon kaya, ko ya tura shi waje ya biya da kuɗin waje, da kuɗin aike da fargabar hanya.

Seiko 5 kuwa shi ne Fijo 504 na agoguna: ba wanda zai kira shi na alfarma, amma kowane tsohon mai gyara ya san cikinsa, kuma kayansa na cikin gwangwanin matattun injuna da ke ƙarƙashin teburinsa. Hanya mafi sauƙi ga wanda tsatsa ta cinye ita ce a samo wani agogon mai lambar inji iri ɗaya, a ɗebi abin da ake buƙata, ko a dasa injin gaba ɗaya. Masu tara manyan agoguna suna ƙyamar dashe, don lambar injin Omega, alal misali, tana cikin shaidar asalinsa. Ga agogon Baba na Seiko kuwa ba abin kunya ba ne: fuskarsa ce, jikinsa ne, kuma yana tafiya.

Inda gyara ke zama ɓarna

Tsofaffin agoguna da yawa ba ruwa ne ya kashe darajarsu ba, gyaran gangar Auzinawa ne. Wurare biyu aka fi yin sa, kuma duka biyun ba sa warwaruwa.

Na farko fuska. Ita ce mafi tsada a tsohon agogo mai daraja, ita ce kuma ba a iya mayarwa. Fentinta siriri ne, rubutunta bugu ne mai laushi. Auduga da ɗan sabulu sun isa su share sunan kamfani. Mai gyara da ya ga ta dushe yakan ce a sake mata fenti ta koma sabuwa, kuma a idon masu saye na duniya wannan yana zubar da babban kaso na kuɗin agogon nan take. Abin mamaki, dusashewar da muke raina wa wani lokaci ita ake nema. Baƙar fuskar wasu tsofaffin Rolex da Omega da rana da zafi suka mayar ruwan ƙasa tana ƙara musu kuɗi a gwanjo, in launin ya tafi bai ɗaya. Akwai bambanci tsakanin tsufa da lalacewa: fuskar da ta sauya launi a bar ta, wadda fentinta ke ɓarewa yana zuba cikin inji ita ce ke buƙatar shawara, kuma gara a nemo tsohuwar fuska ta asali da a yi sabon fenti.

Na biyu guga. Injin guga yana fitar da karce ne ta hanyar cin ƙarfe. Kusurwoyin da masana'anta ta fitar da kaifi sai su zama sulɓi, ƙahonni su sirance, lambobi da rubutun baya su shafe, shafen zinare ya tafi tagulla ta fito. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Rolex Daytona na ɗan wasan fim ɗin Amurka Paul Newman, wanda matarsa Joanne Woodward ta ba shi da rubutu a bayansa tana roƙonsa ya yi tuƙi a hankali, an sayar da shi a New York ranar 26 ga Oktoba 2017 a kan dala miliyan 17.8. Abin da aka saya shi ne tarihinsa da kasancewarsa yadda mai shi ya bar shi, da alamun amfani a jikinsa. Ko kamfanonin da suka ƙera agogunan sai an ja musu kunne, domin al'adarsu in an kai musu sabis ita ce su sauya fuska da hannaye da sababbi, su goge jiki, su dawo maka da shi yana walƙiya.

Akwai kuma haɗarin da ya shafi lafiya. Daga shekarun 1910 har zuwa na 1960, abin da ke sa lambobi da hannaye su yi haske da dare fenti ne mai sinadarin radiyom. Matan da suka yi aikin shafa shi a New Jersey ta Amurka a shekarun 1920, waɗanda aka koya wa tsinin burushi da leɓe, da yawansu sun kamu da ciwon muƙamuƙi da na ƙashi, wasu suka mutu. Fentin yana daina haske bayan wasu shekaru, amma radiyom ɗin yana nan, don sai ya shekara 1,600 kafin rabinsa ya ƙare. A rufe, haɗarinsa kaɗan ne. Garinsa ne abin tsoro in an shaƙa ko an haɗiye. Tsohon agogo mai busasshen fenti ruwan ƙasa a kan lambobi, ba a hura masa iska da baki, ba a kankare shi, ba a ba yara su yi wasa da shi in gilashin ya fashe. Wanda aka rubuta wa T Swiss T a ƙasan fuska na bayan nan ne, mai sinadarin tiritiyom, wanda rabinsa ke ƙarewa cikin shekara 12 da 'yan watanni.

Hannun da zai taɓa shi

Ka miƙa agogo ka ce, "Malam, duba min wannan, na mahaifina ne." Amsar da za ka ji ta isa ta nuna maka wurin da ka zo. Wani zai kara shi a kunne ya ce, "Wanki kawai yake so, Alhaji, dawo bayan la'asar." Wani kuma zai ce, "Ranka ya daɗe, sai na buɗe na gani kafin in faɗi kuɗi, kuma ba aikin yau ba ne."

Wankin bayan la'asar sananne ne: a cire injin, a tsoma shi ɗungurungum cikin fetur, a kaɗa, a bushe, a ɗiga masa mai. Agogon zai tashi, mai shi ya tafi yana murna. Amma dattin da ya narke ya koma cikin ramukan duwatsu, man da ya yi yawa ya bi ya manne siririn sifirin, bayan 'yan watanni ya sake tsayawa, ƙafafunsa sun ƙara cinyewa. Araha ba ta ado. Sabis na gaskiya shi ne a kwance injin ɗaya bayan ɗaya, sassa fiye da ɗari a na otomatik, a wanke kowanne, a duba shi da madubin ido, a mayar, a sa mai iri dabam-dabam a wurare dabam-dabam, kowane ɗigo bai kai kan allura ba, sannan a gwada tafiyarsa na kwanaki, a kwance da a tsaye.

Wannan ba kushe ba ne ga masu teburin gilashi na bakin kasuwa. A cikinsu akwai dattawan da suka shekara arba'in suna kwance Seiko da Citizen, sun fi wani mai takardar shaida sanin halinsu, kuma sana'ar tana ƙarewa da su, don matasa sun koma gyaran waya. Abin lura shi ne teburinsa: yana rufe kaya daga ƙura? Da matsefata yake ɗaukar sassa ko da yatsa? Da mabuɗin murfi yake buɗewa ko da wuƙa? Ya yarda ya nuna maka tsatsar da idonka? Gwani kuma ya san iyakarsa. Wanda ya ce "wannan ya fi ƙarfina, kai shi gaba" ya cancanci ka riƙa kawo masa sauran.

Hukunci

In an haɗa duka wannan, hanyoyi huɗu ne.

Cikakken gyara ya dace da agogon asali mai daraja a kasuwa ko a zuciya, wanda fuskarsa ke da rai, tsatsarsa ba ta yi zurfi ba, kayansa kuma na samuwa. Ko bayan gyara, a ɗauke shi a matsayin dattijo: a cire shi kafin alwala ko da an rubuta masa ba ya jin ruwa, a kuma sa ran wani sabis ɗin bayan kamar shekara biyar. Wannan kuɗin ma yana cikin lissafi.

Dashen inji ya dace da agogon gama-gari da cikinsa ya mutu amma fuska da jiki suna nan. Shi ne mafi sauƙin kuɗi, kuma shi ne amsar mafi yawan agogunan hajji.

Ajiyewa ba tare da gyara ba ita ma hukunci ce, ba gazawa ba. A gidan tarihin tunawa da harin Hiroshima akwai agogunan da suka tsaya a ƙarfe 8:15 na safiyar 6 ga Agusta 1945, kuma ba mai hankalin da zai ce a tayar da su. Agogon da ya tsaya a hatsarin da ya ɗauke mai shi, ko wanda gyaransa zai cinye duk abin da ya rage na asalinsa, a cire masa batir in yana da shi, a busar da cikinsa a tsayar da tsatsar, a sa shi wuri busasshe tare da takarda mai sunan mai shi da shekarar da ya saye shi. Haka ma agogo mai tsada da ake niyyar sayarwa: masu saye na gaske sun fi son su same shi yadda yake, su kai wa gwaninsu.

Haƙura kuma ta dace da jabu, da tagullar da gumi ya huda, da agogon da ba shi da daraja a kasuwa, ba shi da tarihi a gida, tsatsa kuma ta ratsa shi. A ba mai gyara ya sa a gwangwaninsa, wata rana giyarsa za ta tayar da na wani.

Duk hanyar da aka zaɓa, ƙa'ida ɗaya ce: abin da za a iya warwarewa a yi shi, abin da ba ya warwaruwa a jinkirta. Gilashi da sarƙa da sifirin da mai ana sake su gobe. Fenti da guga sau ɗaya ake yin su. Ka ɗauki hotonsa gaba da baya da lambobinsa kafin ya bar hannunka, sannan ka faɗa wa mai gyara a fili, in da hali a rubuce: kada a taɓa fuska, kada a kai jiki injin guga, kada a sauya komai sai an kira ka, duk abin da aka cire kuma a dawo maka da shi.